Da'awar Mai Ƙirƙira da Iyakokinta: Bara'ar Na'urori a Ma'aunin Fiƙihu

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da ƙarfe Ya sanya amfanin mutane a cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sananne ne a wurin malaman usulu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an suranta shi. Mas'alar haƙƙin ƙirƙira tana cikin mas'alolin da fatawa ta yi yawa a kansu, surantawa ta yi kaɗan. Ɗalibi zai iya kawo ƙudurin Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a kan mas'alar, da lambarsa da shekararsa, amma idan aka miƙa masa takardar bara'ar ƙirƙira aka ce ya nuna abin da mai ita ya mallaka, sai ya ɗora yatsa a kan zanen na'urar. Ba zanen aka mallaka ba. Abin da aka mallaka wasu jimloli ne masu lamba da ke ƙarshen takardar, waɗanda ake kira da'awowi, kuma a kansu ake ciniki da husuma da biyan diyya.

Yadda ake gina da'awa

Injina da yawa suna da sandar ƙarfe mai juyawa da ke fitowa daga cikin gidan da aka cika da mai. Dole a bar 'yar tazara tsakanin sandar da bakin ramin da ta fito, in ba haka ba ba za ta juya ba. Ta wannan tazarar kuma man yake tsiyaya, ƙura ta shiga. Zoben da makanikai ke kira sil shi ne maganin wannan: yana zaune daram a cikin ramin, leɓensa mai laushi yana rungume da sandar tana juyawa. Nau'in da ya fi yaɗuwa ya samo asali ne daga wata majema ta Freudenberg a garin Weinheim na Jamus, inda injiniya Walther Simmer ya fara haɗa shi da fata wajen 1929, kafin roba ta maye gurbin fatar.

Wanda ya kyautata irin wannan zobe ya nemi bara'a zai rubuta bayani cikakke, ya haɗa da zane, sannan ya iyakance abin da yake nema. Da'awarsa ta farko za ta iya zama kamar haka: zoben tare mai wanda ya ƙunshi kwanon ƙarfe, da leɓen roba manne da kwanon, da sifirin da ke matse leɓen a jikin sanda, da wasu 'yan zirara a karkace a fuskar leɓen masu mayar da mai ciki yayin juyawa. Ta biyu ta ce: zobe irin na da'awa ta farko, tare da leɓe na biyu mai kare ƙura. Ta farkon tana tsaye da ƙafarta, ta biyun ta jingina da ita ta ƙara mata ƙaidi.

Wanda ya karanta manɗiƙi zai gane wannan gini nan take, domin haddi ne da ake so ya tattara ya kuma hana. Duk ƙaidin da aka ƙara yana rage ɗaiɗaikun da lafazi ya hau kansu. Saboda haka da'awa mai sifofi huɗu ba ta kama zoben da ya zo da uku ya bar ɗaya. Mai ƙirƙira yana son ya rage ƙaidodi don gonarsa ta yi faɗi, mai binciken ofishin bara'a kuma yana matsa masa ya ƙara su don kada ya haɗa da abin da mutane suka riga suka sani. Har kalmar da ke buɗe jerin sifofin tana da nauyi: akwai wadda ke nufin na'urar ta ƙunshi waɗannan ko da an ƙara wasu, akwai wadda ke nufin waɗannan kaɗai, wato hasari. Haka abin yake a injinan sarrafa ƙarfe. Ba wanda za a ba bara'a a kan yankan ƙarfe ko huda shi, sai dai a kan wata hanya ayyananniya ta riƙe wuƙar, ko sanyaya ta, ko tafiyar da ita.

Sharuɗɗan bayarwa uku ne a mafi yawan dokoki: abin ya zama sabo, kada ya zama wanda gwanin sana'ar zai cim masa ba da wani tunani ba, kuma ya yiwu a aikata shi a masana'anta. Wa'adin shekara 20 ne daga ranar shigar da buƙata, bisa yarjejeniyar TRIPS ta 1994. Dokar Benis ta 1474 shekara 10 ta bayar, ta Ingila ta 1624 ta ba da 14.

Shin dukiya ce?

Magabatan Hanafiyya sun ɗauki dukiya a matsayin abin da za a iya ajiye shi don lokacin buƙata, don haka ba su ƙirga amfani da tsurar haƙƙi a cikinta ba. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ƙirga amfani a dukiya. A kan asalin Hanafiyya ne Mufti Muhammad Shafi'i na Pakistan ya hana sayar da haƙƙin wallafa da na ƙira, ɗansa Muhammad Taƙi Usmani kuma ya halatta daga baya, yana dogaro da al'adar da ta zaunu da kuma rajistar hukuma. Masu hani sun kuma riƙi maganar Ƙarafi a Alfuruƙ, inda ya fitar da ra'ayoyin mutum da ijtihadinsa daga abin da ake gada. Fathi Addurainiy ya ba da amsa a littafinsa kan haƙƙin ibtikari, kuma amsar tana da ƙarfi: abin da ba a gada shi ne baiwar da ke tare da ran mai ita, amma 'ya'yan da baiwar ta haifa suka rabu da shi suka zauna a takarda ko a ƙarfe, amfani ne da mutane ke biyan kuɗi a kansa. A mazhabar Malik ma akwai tsani, domin Nasiruddin Allaƙaniy ya yi fatawa da ingancin haƙƙin huluwwi a shaguna saboda al'ada.

Majalisar Fiƙihu ta rinjayar da halacci a zamanta na biyar a Kuwait, cikin Jimada Ula 1409 (Disamba 1988), a ƙuduri mai lamba 43. Ta ƙirga ƙirƙira cikin haƙƙoƙin da suka keɓanta da masu su, masu ƙimar dukiya a al'adar zamani, waɗanda ake iya sayarwa idan babu garari da algus, kuma ba ya halatta a keta su. Sai dai ƙudurin ya tabbatar da haƙƙin ne bai shata iyakarsa ba, kuma a iyakar ne husuma take.

Mafi kusancin babin da za a kwatanta shi da shi shi ne raya mataccen fili. Sharaɗin sabunta yana daidai da sharaɗin cewa filin ba na kowa ba ne. Rajista tana daidai da izinin shugaba, wanda Abu Hanifa ya sharɗanta ko'ina, Malik kuma ya sharɗanta a filin da ke kusa da gari. Da'awowi su ne duwatsun iyaka. Kwatancin yana da rauni ta fuska ɗaya da bai kamata a ɓoye ba: gona idan wani ya shuka ta ya hana mai ita shukawa, amma wanda ya ƙera zobe irin na Simmer bai ɗauke wa Simmer nasa ba, kasuwa ya rage masa. Wannan ne ya sa haƙƙin ke da wa'adi alhali mallakar gona ba ta da shi. Ta wannan fuskar ya fi kama da killace fili, wanda aka ruwaito Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ba mai yin sa shekara 3, in bai raya ba haƙƙinsa ya faɗi.

Lafazi ko ma'ana

Idan iyakar kalmomi ce, mai wayo zai canza kalma ɗaya ya ɗebi amfanin duka. Kotunan Amurka sun gamu da wannan tun farkon shekarun 1850. Ross Winans ya ƙera taragon ɗaukar kwal mai da'irarren jiki, faɗi a sama tsukakke a ƙasa, wanda ke rarraba nauyi daidai har taragon ya ɗauki fiye da nauyinsa nesa ba kusa ba. Denmead ya ƙera nasa mai kusurwa takwas, ya ce ai da'awar da'ira ta ambata. Kotun Ƙoli, alƙalai 5 a kan 4, ta ce canza sura ba ya kuɓutar da wanda ya ɗauki ainihin dabarar. Wannan ita ce ƙa'idar fiƙihu da Majallar Usmaniyya ta sanya a sashe na 3, mai fifita manufa da ma'ana a kan lafazi a cikin ƙulla ciniki, kuma ita ce ruhin babin toshe hanyar hila. Amma alƙalan nan huɗu su ma ba su rasa hujja ba. Idan iyaka tana miƙewa bayan an kafa ta, maƙwabci ba zai san inda zai tsaya ba, kuma jahilcin iyaka shi ne ƙofar garari.

Shari'ar Festo da kamfanin SMC na Japan ta nuna inda miƙewar take tsayawa, kuma a kan zoben tare mai aka yi ta. Na'urar silinda ce da fistin ɗinta ke jan kaya ta waje da ƙarfin maganaɗisu. Lokacin da ake bincike a ofishin bara'a, an gyara da'awowin Festo aka ƙara cewa na'urar tana da zobba biyu, kowanne da leɓe ta gefe ɗaya. SMC ta fito da tata da zobe ɗaya mai leɓe ta gefe biyu. Festo ta ce ma'anar ɗaya ce. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ya ƙuntata da'awarsa don a ba shi bara'a, ana ɗaukar ya sallama abin da ya bari a waje, sai in ya tabbatar da cewa ba zai yiwu ya hango shi ba a lokacin gyaran, ko wani uzuri makamancin haka. An shigar da ƙarar a 1988, ba ta ƙare ba sai 2007, kuma Festo ce ta faɗi. Faƙihi ba zai ga baƙon abu a nan ba: wanda ya nemi warware abin da ya kammala da hannunsa, ana mayar masa da nemansa, kamar yadda ya zo a sashe na 100 na Majalla.

Ɓoye ilimi, ɓoye kaya, da karɓewar hukuma

Ana yawan kawo hadisin Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, na narkon wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Kawo shi a nan kuskuren surantawa ne, domin ba a ba da bara'a sai mai ita ya bayyana dabararsa ta yadda gwanin sana'a zai iya aikata ta, kuma ana buga bayanin kowa ya karanta. Wanda ya ɓoye shi ne wanda ya ƙi rajista ya riƙe sirrinsa. Abin da bara'a ke hanawa shi ne ƙerawa da sayarwa ba da izini ba.

Tuhumar ihtikari ta fi wannan nauyi. A 1780 James Pickard ya sami bara'a a Ingila a kan amfani da karankin da ke mayar da kai-da-komon fistin ya zama juyi a injin tururi, alhali karanki tsohuwar dabara ce, Aljazariy ma ya yi aiki da shi a na'urar ɗaga ruwa cikin littafin da ya kammala a 1206. James Watt ya kauce masa da wani tsarin giya a 1781. Shi kansa Watt, majalisar dokoki ta tsawaita masa bara'arsa ta 1769 har zuwa 1800, ya kuma yi amfani da ita wajen kai masu ƙera injin tururi kotu. Da'awar da ta haɗiye abin da ya riga ya zama na kowa, killace makiyayar jama'a ce, kuma takardar hukuma ba ta mayar da ita halal a ɓoye ko da ta zartar da ita a bayyane.

Ta ɗaya gefen, hukuma ma tana iya tauye mai haƙƙi. Niels Christensen, ɗan asalin Denmak da ke zaune a Amurka, ya sami bara'a a 1939 a kan zoben roba mai da'irarren ciki da ke zama cikin zirin da aka yanka masa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, jiragen yaƙi suka buƙace shi, gwamnati ta karɓe haƙƙin ta buɗe wa masana'antu, ta ba shi dala 75,000. Ya rasu a 1952, sai a 1971 aka ƙara wa magadansa dala 100,000 bayan doguwar shari'a. Ƙuduri mai lamba 29 na Majalisar Fiƙihu, na zamanta na huɗu a Jidda a 1408, ya halatta karɓe mallaka don maslahar jama'a, da sharaɗin diyya ta adalci, ta nan take, wadda ba ta gaza kuɗin tamka ba. Karɓewar tana da fuska a wannan ma'auni, amma jiran shekara 19 bayan mutuwar mai haƙƙi ba shi da ita.

Idan tambayar ta zo ga mufti

Maƙeri a Panteka ta Kaduna ya kwance injin da aka shigo da shi ya ƙera irinsa, ya zo yana tambaya ko ya ci haram. Ba a amsa masa da lambar ƙuduri. Bara'a ba ta aiki sai a ƙasar da aka yi mata rajista, don haka ta Jamus ba ta ɗaure kowa a Nijeriya. A Nijar, Kamaru da Chadi rajista ɗaya ce a ofishin OAPI da ke Yawunde, mai ƙasashe 17. Sannan a duba ko wa'adin ya cika, ko ta faɗi saboda rashin biyan kuɗin shekara, domin mafi yawan dabarun da ke cikin injinan niƙa da famfunan ruwa sun daɗe da komawa hannun jama'a. In tana raye, sai a jera sifofin da'awar a gefen abin da ya ƙera, ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan aikin gwanin sana'a ne da mufti zai nemi shaidarsa, kamar yadda alƙali ke neman ta masu sanin aibin dabba.

Dokar Nijeriya ta 1970 tana da wani abu da ya shafi mai saye: magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken sabunta, kuma ana ba da bara'ar ba tare da lamunin ingancinta ba. Wanda zai sayar da irin wannan bara'a yana sane da cewa an riga shi ga dabarar, ya yi shiru, ya ɓoye aibin haja. Shi kuma maƙerin da aka wanke daga keta bara'a, idan ya buga sunan kamfanin waje a jikin zoben da ya ƙera don a saya da tsadar na asali, ya fita daga wannan babi ya shiga babin algus, wanda ba ya jiran rajista kuma wa'adi ba ya kawar da shi.