WANKAN KARE: A BARI YA FARA ZAGAYAWA

'Yan uwa magidanta na Rano, Kibiya, Rurum da Tarai,

Yau maganarmu kan karen gadin gona, na kiwo da na farauta ce, waɗanda shari'a ta yarda a ajiye. Da damina ta zauna kaska da ƙuma kan addabe su, dole sai an yi musu wanka. To a nan ake samun matsala.

A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 in ya sa baki a ciki bin umarni ne. Amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne. Shi kuwa kare, in ya tsorata da ruwa sai ya saki fitsari, ya girgije ya fantsama maka a riga, ka wuce masallaci ba ka sani ba. Kashin nasa kuma kan ɗauki ƙwan tsutsar ciki, wanda ke yin watanni a ƙasa bai mutu ba, yara na wasa a wajen.

Ga yadda za a yi:

1. Kada a ba shi abinci dab da wanka, domin kare kan nemi kashi jim kaɗan bayan ya ci.
2. A ja shi bayan gari tukuna, a jira ya yi fitsari da kashi.
3. A wanke shi kan ƙasa mai shanye ruwa, nesa da rijiya da madafa. Ban da kududdufi, ban da hanyar ruwan Tiga da ake ban-ruwa da ita.
4. A tafasa ganyen darbejiya, ya huce, a haɗa da sabulu. Kada a shafa masa fiya-fiya ko kalanzir, guba ne.
5. In ya yi kashi ana cikin wankan, a kwashe da shebur, a binne da zurfi.
6. A ware tsohuwar riga don wannan aiki, a sa takalmi, a wanke hannu da sabulu kafin alwala.

In ya yi cizo fa, babu maganar sassaƙe. A wanke wajen da sabulu da ruwa minti 15, a garzaya Babban Asibitin Rano, domin ciwon haukan kare in ya bayyana ba ya jin magani.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.