Renon Irin Gauta da Yalo a Lambunan Damagaram

Gauta da yalo, waɗanda masana tsirrai ke sanyawa a dangi ɗaya da tumatir da barkono, suna cikin kayan lambun da ake nomawa a ƙasar Damagaram, musamman a Miriya, mai nisan kilomita 18 daga Zinder, da Gidimuni, da kwarin Korama ta wajen Matamaye da Magariya, inda ruwan ƙasa bai yi zurfi ba. Iri biyu ake samu: na gida, fari ko kore, wanda asalinsa Afirka ne, sai baƙon da ake kira gautan Bature, babba, baƙi mai sheƙi, wanda ya samo asali daga Asiya. Da yake damina a yankin ba ta wuce daga Yuni zuwa Satumba, akasarin noman ana yin sa ne da ban ruwa, wato noman rani, wanda ya bunƙasa a Nijar bayan farin 1984, zamanin mulkin Seyni Kountché.

Girman gauta tun daga gadon reno yake somawa, wato ɗan fangalin da ake yafa iri a ciki kafin a dasa shi, domin tsiron da ya wahala yana ƙarami ba ya cika murmurewa ko da daga baya an cika shi da taki. Ana haɗa ƙasar gadon da takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai, saboda ɗanyen taki yana ƙona saiwa, sannan a ja layuka da yatsa, a zuba iri bai wuce zurfin santimita 1 ba, a rufe da rairayi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai don ta riƙe danshi. Irin yana son ɗumi, tsakanin digiri 24 zuwa 30, kuma cikin kwana 7 zuwa 14 yake tsira. Da zarar ya leƙo sai a ɗage ciyawar, in ba haka ba tsiron ya miƙe siriri yana neman haske, karansa ba ƙwari. Yawan ruwa ma illa ne, don shi ke kawo cutar da ke ruɓar da gindin tsiro, a wayi gari a tarar layi guda ya kwanta. Tsugewa, wato cire tsiron da ya yi cunkoso, ita ce aikin da mai lambu ya fi jin ciwonsa, musamman in sayen irin ya yi, amma tsiro ɗari masu kauri sun fi ɗari uku ramammu.

Lokacin shuka a Damagaram yana tsakanin haɗari biyu: sanyin hunturu na Disamba da Janairu yana tsayar da girma, zafin bazara kuwa, idan ya haura digiri 35, yana kakkaɓe fure. Saboda haka renon da aka fara a ƙarshen damina ya fi dacewa, don tsiron ya kafu kafin sanyi, ya yi 'ya'ya kafin Afrilu.

Ana yin dashe bayan mako 5 zuwa 6, lokacin da tsiron ya yi ganye 4 zuwa 6, kuma da la'asar sakaliya, bayan an rage masa ruwa na 'yan kwanaki don ya saba da wahala. Ana barin tazarar kimanin santimita 60 tsakanin gindi da gindi, kuma ba a dasawa a fangalin da aka cire tumatir ko barkono, domin dangi ɗaya ne, kuma ƙasa mai rairayi tana ɓoye wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu ta kasa jan ruwa.

Mai neman manyan 'ya'ya, musamman na gautan Bature, yana barin rassa uku ko huɗu ne kawai, ya datse tohon da ke fitowa a gindi, ya rage fure, don abincin da zai rabu ga 'ya'ya da yawa ya tafi ga kaɗan. Ana tsinka tun fatar tana sheƙi, kafin ƙwayoyin ciki su ƙosa. Wanda za a ajiye don iri kuwa ana barinsa a jikin uwa har ya nuna sarai, sannan a wanke irin a shanya shi a inuwa. Irin haɗi da ake sayarwa a leda mai tambarin F1 ba ya cikin wannan, domin abin da aka shuka daga 'ya'yansa ba ya ɗauko kamannin uwar.