Daga Naif zuwa zango: shin komawa Windows 11 ya cancanci wahalarsa?

Duk wanda ya taɓa zuwa sari Dubai ya san Naif, unguwar nan ta Deira da ake sauka a tashar Baniyas Square a taka da ƙafa a shiga. Nan ne shagunan waya suke jere, ga ofisoshin kago, ga masaukai masu sauƙin kuɗi, Hausa kuma tana tashi a kusan kowane lungu. Cikin kayan da 'yan'uwanmu suke ɗaurewa a nan akwai laftof na hannu, waɗanda a gida ake kira hom-yus. Wasu a shagunan Deira ake sayensu, wasu kuma daga rumbunan Sharjah ake kawo su, kafin su ƙare a Tip Toe Lane da ke Circle a Ankara, ko Adum a Kumasi, ko Farm Centre a Kano.

Tambayar da ke yawo tsakanin 'yan sari da masu saye ita ce: a bar Windows 10 a koma Windows 11, ko kuwa a bar kaza cikin gashinta? Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Ta dogara da injin da ke cikin kwamfutar, kuma wanda bai iya duba wannan injin ba yana iya ɗauro asara a kwali.

Me ya faru da Windows 10?

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda sauran manhajoji suke zaune a kanta. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 10 a watan Yuli na 2015, ya fitar da Windows 11 a watan Oktoba na 2021. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, ya daina kula da Windows 10.

Daina kula ba yana nufin kwamfuta za ta mutu ba. Za ta kunnu, za a yi rubutu, za a shiga intanet kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro na kyauta da ake turowa kowane wata. Kullum ana gano ɓaraka a jikin manhaja, masu kutse kuma ta nan suke shiga. A da, in an gano sai kamfani ya toshe. Yanzu in an gano, ƙofar a buɗe za ta zauna. Kamar gida ne da ginin yana nan daram, amma kafinta ya daina zuwa gyara kwado.

An ga irin wannan a watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin gwamnati a Ingila, tana neman kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da facin tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su ɗora shi ba su ne suka sha.

Akwai kuma mutuwa ta sannu a hankali. An daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, bayan shekara uku kuma Google ya daina sabunta Chrome a kanta. Haka sauran manhajoji suke janye jiki ɗaya bayan ɗaya daga duk Windows da aka yi wa ritaya.

Ba kowace kwamfuta ce ke ɗaukar Windows 11 ba

Ga wanda Windows 10 ɗinsa ta gaske ce, komawa Windows 11 kyauta ne. Matsalar tana ga sharuɗɗa. Ana buƙatar RAM aƙalla gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Yawancin laftof na ofis suna da waɗannan. Inda ake faɗuwa shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. In na Intel ne, sai zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan tsiraru daga zubi na 7. In na AMD Ryzen ne, daga jerin 2000 ake farawa, kuma ba dukansu ne suka shiga ba.

A kasuwa mun saba tambayar "i5 ce ko i7?" Wannan tambayar ba ta wadatar yanzu. Lambar da ke biye ita ce magana. In ka ga i7-6600U, zubi na 6 ne, bai cancanta ba. In ka ga i5-7300U, zubi na 7 ne, shi ma bai cancanta ba. Amma i5-8250U zubi na 8 ne, ya haye. Daga zubi na 10 lambobi biyu na farko ake karantawa: i5-10210U na 10 ne, i5-1135G7 na 11. Ke nan i3 ta zubi na 8 ta fi i7 ta zubi na 6 sa'a a wannan fage.

Wannan ya shafi samfuran da suka fi tafiya a wajenmu. HP EliteBook 840 G3 zubi na 6 ce, G4 kuma na 7. Lenovo ThinkPad T470 da Dell Latitude 7480 su ma ba su kai zubi na 8 ba. Magadansu, wato 840 G5 da T480 da 7490, yawancinsu na 8 ne, amma akwai waɗanda aka yi da furosesa na 7. Don haka sunan da ke bayan murfi bai isa shaida ba, sai an kunna an duba.

Tarkon da ke jiran ɗan sari

Manyan kamfanoni a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa suna sauke tsofaffin kwamfutocin da ba su ɗaukar Windows 11, irinsu kuma su ne suke gangarowa kasuwar na hannu da farashi mai daɗi. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi rikitarwa shi ne ana iya cusa Windows 11 da ƙarfi a kan injin da bai cancanta ba, ta hanyar tsallake binciken sharuɗɗan. Sai ka kunna laftof a shago ka ga Windows 11 tsaf, alhali furosesan zubi na 6 ne. Za ta yi aiki. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan na'ura sabuntawa ba. Ƙari a kan haka, Windows 11 kanta tana da sabon fitowa kowace shekara, kuma kowane fitowa na Home da Pro wata 24 ake kula da shi. Injin da aka cusa wa ba ya samun sabon fitowar da kansa, sai an sake kai shi wurin mai gyara. Ɗalibin da ya saya a Nima ba zai san haka ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma sunan wanda ya sayar masa zai tuna.

Kafin ka biya dirhami ko ɗaya, Alhaji, ka yi waɗannan a gaban mai shago:

Ka shiga Settings, sai System, sai About. Nan za ka ga cikakken sunan furosesa da yawan RAM.

Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc. Ka tabbata ya nuna 2.0. Wani lokaci guntun yana nan amma an kashe shi a BIOS, mai gyara zai iya kunna shi cikin minti kaɗan.

In Windows 10 ce a kai, manhajar PC Health Check ta Microsoft, wadda kyauta ce, za ta gaya maka kai tsaye ko na'urar ta cancanta.

Ka duba Activation don ka san ko lasisin na gaske ne.

In kwali-kwali kake saye, ka sa a rubuta lambar furosesa a rasit, ka kuma buɗe wasu daga tsakiya da ƙasan kwalin, ba na sama kaɗai ba.

To, wa ya kamata ya koma?

Wanda kwamfutarsa ta cancanta, ya koma, babu dalilin jira. Kada dai ya sa ran za ta ƙara gudu. An maido da maɓallin Start tsakiya, an sauya fasalin wasu wurare, amma aikin yau da kullum kusan ɗaya ne. Ribar ita ce ci gaba da samun facin tsaro. In kwamfuta tana nauyi, maganinta ƙarin RAM zuwa gigabait 8 da sauya tsohon faifai da SSD, ba sabuwar Windows ba.

Kafin a fara, a kwafe hotuna da takardu a filashi ko wani faifai na waje. A tabbata tsohuwar firinta da manhajar lissafin shago suna aiki da Windows 11, musamman masu shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo. Abin da za a sauke ya haura gigabait 5, don haka a nemi wayafai maimakon ƙona data. A cika batir kuma, don dumsor ba ya sallama. In an koma aka ga bai yi ba, akwai kwana 10 da za a iya komawa Windows 10 daga Settings.

Wanda kwamfutarsa ba ta cancanta ba, yana da hanyoyi. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU ga masu Windows 10 fitowar 22H2, wanda ya sanar zai kai 13 ga Oktoba, 2026. Kuɗinsa dala 30, kusan dirhami 110, ko kyauta ga wanda ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a adana saitunansa a can. Wannan numfashi ne kawai, ba magani ba. Hanya ta biyu ita ce a cire Windows a ɗora Linux Mint ko ChromeOS Flex, dukansu kyauta, kuma suna tafiya lafiya a kan tsofaffin injuna. Sun dace da mai shiga intanet da rubutu da kallo, amma wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop ba za su yi masa ba. Hanya ta uku, a bar Windows 10 a kai amma a raba ta da intanet. Kwamfutar makarantar Islamiyya da ake buga jarrabawa da ita za ta iya shekaru a haka, in ana kula da filashin da ake soka mata.

Wanda bai kamata ya zauna a kan Windows marar faci ba shi ne mai shiga banki, mai lissafin MoMo, mai ajiye takardun fasfo da biza na mutane, da sakataren ƙungiya da ke riƙe da sunayen jama'a. A wurinsu kuɗin sauya na'ura bai kai asarar kwana ɗaya ba. Su kuma sani cewa Office 2016 da 2019 ma an daina kula da su a wannan rana ta 14 ga Oktoba, 2025.

Ga 'yan'uwa masu sari

Laftof ɗin zubi na 6 da na 7 ba shara ba ne. Suna da masu buƙata, kuma suna da farashinsu. Abin da ake nema shi ne a saye su a matsayinsu, a sayar a matsayinsu, a gaya wa mai saye gaskiya cewa wannan ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta yarda da su. Malamanmu sun sha tunatar da mu hukuncin ɓoye aibin haja. Uwar da ta tara sidi wata da watanni don ta saya wa ɗanta kwamfutar makaranta, a unguwa ɗaya muke da ita, kuma gobe za mu haɗu a wurin suna ko jana'iza.

Allah ya sa albarka a nema, ya dawo da matafiya gida lafiya.