Jinyar Yara Masu Lalura ta Musamman: Farillar da Ke Jiran Masu Sauke Ta a Dutsin-Ma da Kurfi

Idan hunturu ya kama, manoman rani na bakin madatsar ruwa ta Zobe suna murna, domin lokacin tumatir da albasa ya zo. Amma akwai gidaje a Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su waɗanda iskar nan ke shigo musu da fargaba. Uwar da ke da ɗa mai amosanin jini ta san cewa sanyin asuba kaɗai ya isa ya tayar masa da ciwon ƙashi, ta kwana tana matsa masa gaɓoɓi yana kuka. Wata uwar kuma ɗanta ya kai shekara biyar wuyansa bai tsaya ba, duk lomar da za ta ba shi sai ta yi addu'ar kada ya shaƙe. Ga wadda 'yarta ke faɗuwa, har maƙwabta sun hana 'ya'yansu cin abinci da ita a kwano ɗaya.

Irin waɗannan yara ba a sallamarsu daga asibiti a ce an gama. Lalurarsu abokiyar zama ce ta shekaru, wani lokaci ta tsawon rai. Likita yana ganin yaro na 'yan mintoci, ya rubuta magani, ya kira na gaba. Wadda ke kwana a kansa, ta lura da sauyin numfashinsa, ta zauna ta koya wa uwa abin da za ta yi idan an koma gida, ita ce ma'aikaciyar jinya. Shi ya sa zurfin ilimin da take da shi ya shafi kowane gida, ko da mutanen gidan ba su taɓa tunanin haka ba.

Su wane ne waɗannan yara?

Na farko a yawa su ne masu amosanin jini, wato sikila. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa shi ne ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Idan miji da mata duka suna ɗauke da jini nau'in AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

Sai yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu tun suna jarirai har gaɓoɓinsu suka shanye ko suka sandare. Sanadin da aka fi gani a ƙasarmu sananne ne: doguwar naƙuda wadda jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Akwai masu farfaɗiya, da masu galahanga, da waɗanda kansu ke tara ruwa, da kurame da makafi. Sau da yawa yaro ɗaya kan haɗa lalura biyu ko uku, sannan tamowa ta biyo baya saboda wahalar ci.

Abin da zurfin karatu ke ƙara wa mai jinya

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa a tsarin da aka santa da shi, ita ke yi wa ma'aikatan jinya rajista. Ɗalibi kan bi ta makarantar koyon jinya, ko ya yi digirin farko na shekara biyar a jami'a. Wannan matakin yana fitar da ma'aikaci na gama-gari, wanda yau yake ɗakin tiyata, gobe ɗakin haihuwa, jibi ɗakin tsofaffi. Bayansa ne ake samun kwasa-kwasan ƙwarewa, kamar na jinyar yara da ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sannan digiri na biyu da na uku, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya take bayarwa.

Bambancin yana bayyana ne a bakin gado. Yaro ba ƙaramin babba ba ne a wajen magani. Ana auna masa ne bisa nauyin jikinsa, kuskure kaɗan kuma yana iya halaka shi. Wadda ta ƙware ta san zazzaɓi a jikin mai sikila lamari ne na gaggawa, domin saifarsa ba ta iya kare shi daga ƙwayoyin cuta kamar ta sauran yara. Ta san yadda za ta koya wa uwa lalubar saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ta gane ranar da ta kumbura farat ɗaya jini ya ƙare. Ta san kumburin hannu da ƙafa a jariri ɗan wata shida na iya zama alamar farko ta ciwon. Ga yaron da ya shanye, ta san yadda ake zaunar da shi a ba shi abinci mai kauri daidai don kada ya sarƙe masa ya bi ta huhu, da yadda ake juya shi don kada kwanciya ta ci masa fata, da lokacin da za a tura shi wurin masu gashin ƙashi.

Digiri na biyu yana ƙara wasu abubuwa uku a kan wannan. Mai shi yana iya koyar da wasu, ta yadda iliminsa zai isa ɗakunan shan magani na ƙauye ta hannun ɗalibansa. Yana iya tsara asibitin bibiya mai rajista da ranakun dawowa, maimakon a riƙa ganin yaro sai ranar da ya galabaita. Yana kuma iya yin bincike, ya ƙidaya yara nawa ne ke fama da me a ƙaramar hukumarsa, ya kai wa mahukunta hujja a rubuce.

Darasi daga Kano

Ɗaya daga cikin munanan abubuwan da ke samun yaro mai sikila shi ne shanyewar ɓarin jiki tun yana ƙarami. Tun 1998 bincike a Amurka ya tabbatar da cewa ana iya gano yaran da ke cikin wannan haɗari ta hanyar auna gudun jini a jijiyoyin kai da na'ura, a kare su da ƙarin jini a kai a kai. Sai dai ƙarin jini kowane wata abu ne da ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Masana a Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin haidiroksiyuriya a madadinsa, sakamakon da aka wallafa a 2022 kuma ya nuna yana rage haɗarin ƙwarai. Aikin bai tsaya a kan manyan likitoci kaɗai ba. Ma'aikatan jinya da aka horar suna cikin waɗanda suka riƙe bibiyar yaran da wayar da kan iyayensu. Abin da ya yiwu a Kano babu dalilin da zai hana shi yiwuwa a tsakiyar Jihar Katsina, in an samu mutanen da aka horar.

Matsayin wannan ilimi a Musulunci

Malaman tarihi sun ambaci Rufaida Al-Aslamiyya (R.A.), wadda ke da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umarni a ajiye shi a tantinta don ya riƙa duba shi daga kusa. Ya miƙa shugaban Ausu ga macen da ta iya aikin, wannan kuma ya ishi mai shakka a kan halaccin sana'ar da darajarta.

Game da masu lalura, farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.), wanda daga baya Annabi (S.A.W.) ya riƙa wakilta shi a Madina idan zai yi tafiya. Buhari ya ruwaito cewa ana taimakon al'umma, ana kuma azurta ta, saboda raunananta. Masu tarihi sun rubuta cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu hidima, daga baitulmali.

Malamai sun sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wanda idan babu mai yin sa a gari laifin ya hau kan kowa. Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddin ya koka da yadda ɗalibai ke tururuwa zuwa fannin da ya riga ya cika da masana, suna barin likitanci babu mai yi. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Idan a ce jinyar gama-gari ta samu masu yi gwargwado, jinyar yara masu lalura ta musamman har yanzu tana neman waɗanda za su ɗauke wa al'umma nauyinta.

Tsakanin ruƙiyya da asibiti

A gidaje da yawa, da zarar yaro ya fara faɗuwa sai a ce iska ce, ko sammu, ko maita. Ana iya shekara ana yawon neman magani, a sayar da akuya da hatsi, kafin a taka asibiti. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a suna da asali, babu Musulmin da zai musa. Amma Annabin da ya koyar da su shi ne ya yi umarni da neman magani, ya kuma bayyana cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurinsa, kamar yadda Ibnu Abbas ya ba da labari a Buhari da Muslim, ba a kore ta ba, ba a kuma ƙyamace ta ba. An yi mata bushara da Aljanna a kan haƙurinta, aka yi mata addu'ar kada tsiraicinta ya riƙa bayyana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano ciwon kuma ana shan magani yadda ya kamata. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Idan ta tashi, a kwantar da yaro ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa, idan kuma ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Haka shawarar jarirai: idan idon jariri ya yi rawaya, musamman a ranar farko, ba a jira sai an yi suna. Wannan bayani ya fi shiga kunnen uwa idan ya fito daga bakin 'yar garinsu, mai jin harshenta, wadda ta san kunyar haihuwar fari, ta kuma san yadda za ta yi wa kaka magana ba tare da ta raina ta ba.

Abin da ke tare hanya

Dutsin-Ma gari ne na ilimi. Ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Akwai babban asibiti a Dutsin-Ma da kuma Kurfi. Duk da haka, yaron da lalurarsa ta yi nauyi yawanci sai an kai shi Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, wani lokaci har Kano ko Zariya. Kuɗin mota da na kwana, da matsalar tsaro da ta addabi yankin a shekarun nan, sukan sa iyaye su je sau ɗaya su haƙura.

Ita ma mai son ƙaro karatun tana da nata cikas. Akwai kuɗin makaranta, akwai neman izinin tafiya daga wurin aikin da dama ma'aikata ba su ishe shi ba, akwai aure da goyo. Waɗanda suka ƙware kuma ƙasashen waje na zawarcinsu. A 2024 magatakardan hukumar jinya ta ƙasa ya bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku.

Nauyin da ke kan kowa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mahukunta su ne ke da ikon ba da hutun karatu da albashi, da sharaɗin wanda aka tura ya dawo ya yi wa yankinsa aiki. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta riga ta tabbatar musu da haƙƙin kula da lafiya da ilimi, saura aiwatarwa. Mawadata su duba cewa ɗaukar nauyin karatun ma'aikaciyar jinya guda ɗaya sadaka ce mai gudana, domin duk yaron da ta ceto da duk ɗalibin da ta koyar suna cikin ladan. Wakafi ma yana iya tsayawa a kan irin wannan, kamar yadda ya riƙe asibitocin Musulmi na da.

Limamai da malaman Islamiyya su riƙa jan hankali a kan gwajin jini kafin a yi nisa da maganar aure, abin da Jihar Kano ta mayar doka a 2024. Magidanta su bar 'ya'yansu da matansu masu sha'awa su zurfafa a wannan fanni, tunda mu ne ke son mace ta duba mace. Ɗalibai maza ma akwai gurbinsu. Wanda ke aji yau yana tunanin abin da zai karanta, ya tuna da yaron maƙwabtansu da ba a fitowa da shi tsakar gida idan an yi baƙi.

Iyayen da Allah ya jarrabe su da irin wannan ɗa kuwa, su sani ba alamar fushin Ubangiji ba ce, kuma babu daren da suka raya a kansa da zai tafi a banza. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya kuma fitar mana daga cikin 'ya'yanmu waɗanda za su sauke wannan farilla. Amin.