Daga Kofur Zuwa Janar: Yadda Ake Jera Sojoji

Ba safai ake rufe labaran rediyo ba tare da an ambaci wata bataliya, ko birged, ko Runduna ta 7 da ke Maiduguri ba. Mai sauraro yakan ɗauka duk ma'anarsu ɗaya ce, wato sojoji da yawa. Alhali kowace da girmanta, da irin hafsan da ke riƙe da ita, da aikin da ya fi ƙarfinta. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane ko abin da aka turo garinsu ya kai ya tsare shi ba.

Tushen tsarin abu ne mai sauƙi. Idan wuta ta buɗe, kunne ya toshe, ƙura ta tashi, babu mutumin da zai iya sarrafa mutum ɗari da muryarsa. Shi ya sa galibi ake ƙayyade wa shugaba mutum uku zuwa biyar da zai ba umarni kai tsaye, su kuma su sauke shi ga na ƙasa da su. Sarki ba ya bin gida gida. Yana magana da hakimi, hakimi da dagaci, dagaci da mai unguwa.

A can ƙasa akwai sashe na mutum 8 zuwa 10 a hannun kofur, mai igiya biyu. Waɗannan tare suke ci, tare suke kwana, rami ɗaya suke haƙa. Kofur ya san wanda ƙafarsa ta yi kanta, ya san wanda matarsa ke gab da haihuwa har hankalinsa ya rabu biyu. Sashe uku su ne falatun, mutum 30 ko ɗan sama da haka, ƙarƙashin laftanan da galibi bai daɗe da fitowa daga makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna ba. A gefensa ake ajiye saje, wanda mai yiwuwa ya shiga soja tun laftanan yana firamare. Da gangan aka yi wannan haɗin: ɗaya yana da iko da karatun taswira, ɗayan ya san yadda soja ke kasancewa bayan kwana uku babu barci. Falatun uku kuma su ne kamfani, mutum 100 zuwa 150, a hannun manjo ko kyaftin, da samanja mai kula da ladabi da raba harsashi.

Bataliya ce ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ƙungiya ta farko da za ta iya riƙe kanta na ɗan lokaci. A takarda tana da mutum 500 zuwa 1,000, kuma laftanar kanar ne kwamandanta. Tana da kamfani uku ko huɗu na masu bindiga, da wani kamfanin na manyan makamai: bindigogi masu jigida, da ƙananan igwa masu cilla harsashi sama ya faɗo bayan tudu. Sai kuma mutanen da ba a cika tunawa da su ba: 'yan sigina masu riƙe da oba-oba, likita da ma'aikatansa, direbobi, makanikai, masu girki, limami da fasto, da kwatamasta wanda takalmi, shinkafa, man mota da harsashi duk ta hannunsa suke fita. Ranar da motar ruwa ta kasa isowa, jarumtar kamfanonin gaba ba ta wuce kwana biyu. Akwai kuma babban samanja, wanda sojoji ke kira RSM. Ba hafsa ba ne, amma shi ne kunnen kwamanda a cikin ƙananan sojoji, kuma ko ƙaramin hafsa yakan gyara tsayuwarsa idan ya hango sandarsa.

Bataliya uku, wani lokaci har biyar, su ne birged, mutum 3,000 zuwa 5,000 ƙarƙashin birgediya janar. A nan ake haɗa sojan ƙasa da tankoki, igwa da injiniyoyi masu gina gada da tone nakiya. Birged ta 3 tana barikin Bukavu a Kano, ta 17 a Katsina, ta 23 mai tankoki a Yola, ta 33 mai igwa a Bauchi. Birged biyu zuwa huɗu kuma su ne dibishan, wadda 'yan jarida ke kira runduna, a hannun manjo janar: ta 1 a Kaduna, ta 2 a Ibadan, ta 3 a Jos, ta 6 a Fatakwal, ta 8 a Sakkwato, ta 81 a Legas, ta 82 a Inugu. Ta 7 an kafa ta ne a 2013 saboda rikicin Boko Haram.

Rajimanti ce ba ta da mazauni ɗaya a wannan jeri. A al'adar Ingila, wadda Nijeriya da Gana suka gada, rajimantin sojan ƙasa zuri'a ce: tutarta ɗaya, bajonta ɗaya, tarihinta ɗaya, amma bataliyoyinta na iya warwatsuwa a birged daban daban. A ɓangaren igwa da injiniyoyi kuwa, rajimanti girman bataliya gare ta. Faransa kuma ta ɗauke ta a matsayin ƙungiyar yaƙi sosai, mai mutum wajen 1,000 ƙarƙashin kanar.

Mu kanmu muna da hannu a wannan tarihi. Sojan Nijeriya yana ƙirga asalinsa daga 1863, lokacin da Laftanar Glover ya tara mutum 18 a Legas, aka riƙa kiran su Hausawan Glover. A 1914 aka haɗa sojan Arewa da na Kudu suka zama Rajimantin Nijeriya, kuma Hausa ce harshen bariki na tsawon shekaru. Lambobin 81 da 82 gado ne daga dibishan biyu na Afirka ta Yamma da suka yaƙi Japan a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1966 birged biyu kacal ƙasar ke da su, ta Kaduna a hannun Ademulegun, ta Legas a hannun Zakariya Maimalari. Yaƙin basasa ne ya kumbura yawan sojan ƙasar daga wajen mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, aka kafa dibishan uku ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, Murtala Muhammad da Benjamin Adekunle.

Abin da ya dame ni shi ne tazarar da ke tsakanin suna da mutanen da ke ƙasa. Yau sojoji suna aiki a kusan kowace jiha, har da aikin da asali na 'yan sanda ne. Idan aka ɗauki bataliya aka rarraba ta goma goma a shingayen hanya masu nisan kilomita da yawa, sunanta yana nan a takarda, amma igwarta ba ta kai wa ga wanda ke shinge, likitanta ba ya isa gare shi, kwamandanta ba shi da wasu a ajiye da zai tura ɗauki. Kuma bataliyar da ke wuri guda ma, idan ta yi nisa da birged ɗinta, tana cikin haɗari. A Nuwamban 2018 mayaƙa suka afka wa Bataliya ta 157 a Metele da ke arewacin Borno, suka kashe sojoji masu yawa har da kwamandansu, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba.

A 2019 rundunar sojan Nijeriya ta janye ƙananan sansanoni a Arewa maso Gabas ta tattara su a manyan sansanoni masu wuyar karyawa. Hakan ya kare sojoji, amma ƙauyuka da hanyoyin da aka janye daga cikinsu sun koma kwana babu mai gadi. Ko an warwatsa ko an tattara, bataliya ɗaya ba ta iya aikin birged, kuma haƙƙin 'yan majalisar da ke amincewa da kasafin tsaro ne su riƙa tambayar mutum nawa ne a zahiri cikin kowace bataliya, da kuma faɗin ƙasar da aka ɗora mata.