Alli a Hannun Ɗalibi

A makon nan, muna tsakiyar darasin lissafi, wani ɗalibina ɗan shekara 13 ya ɗaga hannu ya ce, "Ustaz, wai da gaske mu baƙi ne a ƙasar nan?" A kasuwar Sinnar aka jefe shi da maganar, ya kwana da ita a ransa.

Na so in ce masa ƙarya ne, zauna. Amma idan ya karɓi maganata yau don ni ne malami, gobe zai karɓi ta wanda ya fi ni ɗaga murya. Kuma kalmar ba ta wasa ba ce. Duk mun san rayukan da aka rasa a rikicin Rusairis da Damazin a Yulin 2022, sa'ad da aka yi ta maimaita ta.

Sai na miƙa masa alli. Na ce ya rubuta 1903, shekarar da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka kafa garin nan wajen 1906. Madatsar ruwan Sinnar, wadda ke shayar da gonakin Jazira, an gama ta a 1925. 'Yancin kai kuwa sai 1956. Na ce ya ɗebe. Ya samu 19, ya samu 50. Ya juyo yana murmushi, ni ma ina jin na gama aiki.

Ashe da saura. Wata yarinya daga bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Ustaz, kakata ba da Mai Wurno ta zo ba. Hanyar Makka ce ta kawo ta, bayan an gina madatsar da daɗewa, ta tsaya tsintar auduga har ta haifi babana. Ita baƙuwa ce ke nan?"

Wallahi ban da amsa a shirye. Lissafin da nake taƙama da shi ya kare wasu, ya bar wasu a waje, kuma yarinya ce ta gano ba ni ba. Kwalejin horon malamai ba ta koya mana abin da ake yi a irin wannan lokaci ba.

Na ce mata ban sani ba tukuna. Na ba ajin aikin gida: kowa ya tambayi dattijon gidansu yaushe suka zo, ta wace hanya, kuma wa ya gaya masa. Ranar Lahadi za su kawo. Ni ma na je wurin kawuna da littafina.