Wa Ya Kashe Silima a Kumasi?

Duk wanda ya tashi a Akwatialine ya san daren da ake sa fim ɗin Indiya. Tun kafin magariba samarin Zango sun yi wanka sun kama hanya. Yau galibin gidajen silimar garin sun rufe, wasu sun koma coci.

In aka tambaya, sai a ce dokar hana fitar dare ce da ta biyo bayan juyin mulkin Rawlings na 1981, ko zuwan bidiyo, ko sayar da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin finafinan gwamnati ga 'yan Malesiya a 1996. Duk gaskiya ne. Amma mu ma da namu laifin.

Mun manta ihu da fito? Wanda ya ga fim sau biyar sai ya riƙa ba da labarinsa da ƙarfi. Ga hayaƙin taba, ga dambe a bakin ƙofa. A wani gidan da muka saba shiga, tikiti ya fi kujeru yawa, fim ya tsinke ba a mayar da kuɗi, kuɗin cizo kuwa sun mallake benci. Haka magidanta suka janye, suka hana iyalansu zuwa.

To, jama'a, gidajen kallon ƙwallo na unguwa sun fara bin wannan sawu. Mai gida ya gyara wurinsa, mai kallo ya kama bakinsa. Allah ya sa mu gane.